Mai sabis ɗin injin wanki na Agege, yadda na ga aikinsa da maganar omon da muke zubawa ba lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka ji labarin an zo an yi wa injin wankina sabis matan layinmu suka sa ni gaba da tambaya, waye ya yi, ya iya kuwa, ya cancanci kuɗin ko irin masu zuwan nan ne su watsa ruwa su goga tsumma su ce Hajiya an gama a kawo kuɗi. To gara in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta. Aikin dai ya yi kyau wallahi kuma zan sake kiransa, amma akwai inda ban ji daɗi ba kuma zan faɗa, sannan akwai bayanin da ya tsaya ya yi min a kan omo da bilic da ruwan Legas ɗin nan namu wanda nake so ya isa kunnen duk mai inji a gida.

Shagon yana nan Agege, in kin sauko daga gadar Pen Cinema ba wata tafiya ba ce. Ƙaramin wuri ne, ta gaba kayan wanki ne a kan kanta, omo kala-kala, bilic, ruwan ƙamshi, bula, sitati, ga tiyo da bel da sauran kayan inji a rataye, ta baya kuma nan suke kwance injina. Mai wurin ɗan arewa ne amma ya daɗe a Ikko, kowa Injiniya yake ce masa. Ni dai samun wanda zai min bayanin inji da Hausa dalla-dalla ba ƙaramin daɗi ya min ba, dan sau da yawa mai gyara zai zo ya yi ta turanci ya tafi ke baki san me ya taɓa ba balle ki san me zaki kiyaye.

Injin nawa mai ƙofa a gaba ne, kilo 7, tokumbo maigida ya sayo a Alaba. Lafiyarsa ƙalau ya zo yana wanki yana matsewa, sai dai tun farko in kin buɗe ƙofar akwai wani ɗan bashi da ke bugo hanci, da damina ta kankama kuwa abin ya wuce misali. Tawul a wanke shi a shanya ya bushe, ana goga shi a jiƙaƙƙen jiki tsamin ya taso. Fararen hijaban yara suna fitowa da ɗigo-ɗigon baƙi, sannan in an zo wajen fitar da ruwa sai injin ya tsaya yana ta gurnani ruwan bai tafi ba. Gidanmu kuma gidan wanki ne na gaske, maigida harkar shanu yake a kwatar Oko-Oba, ƙaninsa da ke zaune da mu mahauci ne, kin san irin kayan da ke dawowa daga can, jini ne kitse ne kashin shanu ne, ga yara da kayan boko da na islamiyya.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. An yi da shi zai zo da hantsi, sai bayan azahar ya iso, kuma bai kira ba sai da maigida ya neme shi. Yace gosulo ne, to mun san Legas amma daga shagonsa zuwa gidanmu ko a ƙafa ai an isa, kawai dai ya haɗa aiki da yawa ne a rana ɗaya. In zaki kira shi ki ware yinin gaba ɗaya. Amma ta fannin ladabi ba shi da laifi, shi da kansa yace a sa masa ranar da maigida yake gida, ya yi sallama ya tsaya a waje sai da aka ce ya shigo, yaronsa ma haka, kuma iya bayan kicin inda injin yake suka tsaya.

Abu na farko ya zare wuta daga soket ya rufe famfon ruwa, sannan ya durƙusa ya buɗe wata 'yar ƙofa a can ƙasa ta hannun dama. Nasan akwai masu inji shekara da shekaru da basu taɓa buɗe wurin nan ba, wasu ma sun ɗauka ado ne. A ciki akwai ɗan siririn tiyo da wani murfi mai murɗawa, ya fara tsiyaye ruwan ta tiyon a faranti mai faɗi a hankali, dan in kin murɗe murfin kai tsaye ruwan da ke kwance zai malale miki ɗaki, sannan ya murɗo filtar, wato matatar da ke tare datti. Innalillahi, 'yan uwa abin da ya fito. Fil ɗin mayafi sun yi tsatsa, ƙwayoyin carbi, duwatsun abaya, tsinken sakace, maɓalli, ribom ɗin yara, safar jariri ƙwaya ɗaya da ta zama baƙa ƙirin, duk gashi da zare sun naɗe su sun zama dunƙule ɗaya mai yauƙi. Har da wani kwabo na ƙasar waje wanda tun daga Turai injin ya taho da shi. Bayan filtar nan akwai 'yar farfela ta famfon da ke tura ruwa waje, ya sa yatsa ya juya ta ya nuna min yadda zare ya shaƙe ta, shi ne gurnanin da nake ji. Yace da an ƙara wata biyu uku a haka famfon ne zai ƙone. Ya kuma ce a injin LG in kin ga OE a allo, ko 5C ko 5E a Samsung, maganar fitar ruwa ce, kafin ki kira kowa ki fara duba filtar nan, sau da yawa iyakar matsalar kenan. Mai neman kuɗi kawai ba zai gaya miki haka ba, a nan na fara yarda da shi.

Daga nan sai robar bakin ƙofa. Ta waje fes take dan kullum ana gogewa, amma da ya sa hannu ya banƙare ninkin sai ga baƙar funfuna ta zagaye ƙasan gaba ɗaya da ruwa kwance, ƙananan ramukan da ruwan ya kamata ya bi ya koma ciki duk sun toshe. Ɗigon baƙin hijaban yara daga nan yake. Ya tsarma bilic da ruwa ya jiƙa tsumma ya cusa a ninkin ya bari ya ɗan jima, sannan ya bi da tsohon buroshin haƙori ya ɗauraye sosai. Yawanci ya fita amma akwai tabon da ya riga ya shiga jikin robar, yace wannan sai dai in canza ta za a yi, kuma bai ga dalilin canzawa ba tunda bata yage ba bata yoyo.

Durowar zuba omo ma ashe fita take gaba ɗaya, akwai ɗan wuri da ake dannawa a tsakiya a jawo. Ƙarƙashinta da rufin ramin duk omo ya daskare ya yi tauri, gefen ruwan ƙamshi kuma wani kauri mai santsi ya kwanta. Anan ya nuna wa yarinyar da ke taya ni aiki gidajen guda uku, mai alamar II shi ne na ainihin wanki nan omo ke shiga, mai alamar I na jiƙon farko ne in kaya sun yi datti sosai, mai hoton fure kuma na ruwan ƙamshi ne kuma akwai layin da ba a wucewa. Da yake rubutun injin duk Jamusanci ne sai ya yanko farin salatif ya manna a gefen maɓallan ya rubuta da Hausa, auduga, kaya marasa ƙwari, ɗauraya, matsa. Ba a sa shi ba kuma bai ƙara ko sisi a kai ba.

Ta baya inda tiyon ruwa ke shiga akwai wata 'yar raga ƙarama, ya zaro ta da filaya, ta cika da yashi da jan laka na tanki. Wannan ce ke sa inji ya daɗe yana jan ruwa har ya gaji ya nuna IE a LG ko 4C a Samsung. Ya kuma duba tsayin tankinmu, yace irin waɗannan injinan suna son ruwa mai ƙarfi, tanki ya ɗara injin tsawo da kamar mita 5 ko fiye, wasu ma sai 10, in bene kike a saman ƙarshe tanki na dab da kanki to sai an sa ɗan famfon ƙara ƙarfi in ba haka ba omo ma ba zai wanku daga durowa ba.

Sai babban wankin. Ya zuba garin wanke inji a cikin gangar ba kaya ko ɗaya ya sa a zafi mafi yawa, digiri 90. Ta gilashi muna kallo ruwan ya koma ruwan ƙasa da wasu ɓarɓashi suna yawo. Yace injin ganga biyu gare shi, wadda muke gani mai ƙyalli da wata ta waje da ke riƙe ruwa, tsakaninsu nan ragowar omo da maiƙon jiki da kitse ke manne wa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wankin ruwan sanyi kuma baya taɓa su. Bayan wannan ya sake wani zagayen da garin tsami irin wanda ake sa wa zoɓo, saboda tokumbon Turai da yawa suna zuwa da farin dutse a jikin hita, ruwan wurare da yawa a Jamus da kudancin Ingila mai nauyi ne yana barin alli. Wannan na biyun yace ba na kullum ba ne, na farkon ne ake so duk wata.

Nasan abin da wata zata ce, wa ke da wutar dafa ruwa har digiri 90 a wannan zamanin. Nima na faɗa masa. Tun watan Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya dawo ɗari biyu da 'yan kai, kowa ido yake sa wa mita. Amma da muka yi lissafi wanki ɗaya mai zafi yunit 1 zuwa 2 yake ci, a wannan farashin bai kai naira 500 ba, sau ɗaya a wata. Abin kiyayewa kawai ki yi shi ranar da wutar Nepa ta zauna, dan hitar injin tana jan kusan wat 2,000, ƙaramin janareton nan namu da bai kai wat 1,000 ba ba zai iya ba, ko ya mutu ko ya ja miki asara a allon injin. In digiri 90 ya miki yawa 60 ma yana aiki.

To yanzu maganar omo, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Mu duka da wankin hannu muka tashi, a baho in kumfa bata tashi ta rufe hannu ba gani muke ba a sa omo ba, kuma yawancin omon da ke kasuwa dan wankin hannu aka yi shi, da gangan ake sa shi yin kumfa dan abin da mai saye ke so kenan. Inji mai ƙofa a gaba kuwa ruwa kaɗan yake sha, wanki guda da ɗauraya duka wajen lita 50 ne, jarka biyu ta mai ruwa kenan, kuma yadda yake wanki shi ne ya ɗaga kaya sama ya sako su su bugu. In kumfa ta cika gangar kayan basa buguwa, shawagi kawai suke a ciki, ga ruwan ɗauraya bai isa ya kwashe omon ba, sai ragowar ta zauna a jikin kaya ta zauna a jikin inji. Shi ya sa zaki ga an ƙara omo dan kaya su fi fita amma sun fito da farin zane-zane a jikin baƙin wando, tawul ya yi tauri, yara suna susa, sai a ce ai omon ne ba kyau a canza wani a ƙara yawa. Wasu injinan ma in sun ji kumfa ta yi yawa tsayawa suke su jira ta kwanta, Samsung har rubuta Sud yake, lokaci ya tafi wuta ta tafi. Abin da yace shi ne a duba jikin leda a nemi wanda aka rubuta na inji ne ko aka zana inji mai ƙofa a gaba, in kuma na hannun ne a gida to cokalin cin abinci 2 zuwa 3 ya isa wanki ɗaya na kayan da basu yi mugun datti ba. Ki tsaya ki kalli gilashi, 'yar kumfa kaɗan a ƙasa ita ake so, in ta haura rabin ƙofa an zuba da yawa. A ɗauraya ta ƙarshe kuma bai kamata ki ga kumfa ba sam. Na bi wannan, kayan suna fita fiye da da, kuma ledar omon da bata kai mana ƙarshen wata yanzu tana wucewa.

Kuma ku lura ruwa ma yana da nasa. Ruwan sama da muke tara da damina mara nauyi ne, ɗan omo kaɗan ya ishe shi kumfa, in da shi kike cika tanki sai ki ƙara ragewa.

A kan wane omo za a saya bai matsa min sai wani iri ba, na ji daɗin haka. Kun san kasuwar ta canza, a 2023 Unilever Nigeria ta sanar zata janye daga harkar kayan wanki irin su Omo da Sunlight, a ƙarshen shekarar kuma P&G masu Ariel suka ce zasu daina sarrafawa a Najeriya sai dai su riƙa shigowa da kaya, ga faɗuwar naira, komai ya yi tsada mutane da yawa suka koma wasu irin, har da Viva da kamfanin Aspira ke yi a Kano wanda yanzu ko'ina a Legas akwai shi. Abin da ya hana ni kawai shi ne omon awo, wanda ake ɗurawa a farar leda ba suna ba lambar NAFDAC, yace wani baya narkewa duka, ragowarsa ce ke daskarewa a tiyo. Kuma kayan kwata ya bada shawarar mai sinadarin enzayim, ana rubutawa a jikin leda, shi ne ke cin jini da maiƙo da abinci, kuma a ruwa mai ɗumi digiri 30 zuwa 40 ya fi aiki. Jini dai kada a fara masa da ruwan zafi, dafa shi zaki yi ya kama zare, a jiƙa a ruwan sanyi a bokiti tukuna a kakkaɓe kitse da duk wani abu mai kauri kafin ya ga inji. Tabon manja kuma a ɗiga masa sabulun ruwa na wanke-wanke a murza a ɗauraye kafin a saka, in an shanya a rana sauran jan yana tashi.

Bilic kuma dan Allah 'yan uwa a ji tsoron Allah a kula. Hypo da Jik da ire-irensu kulorin ne, suna da amfani a fararen kayan auduga da kashe funfuna, amma ba a haɗa su da komai sai ruwa. Bilic da ruwan khal, ko da garin tsami, ko da ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin suke fitarwa mai ƙona ƙirji da ido, a ɗan ƙaramin banɗakin Legas mara taga tana iya kai mutum asibiti. Ina ganin bidiyoyin da ake turowa wai a haɗa wannan da wancan a wanke inji, kada ki gwada. In zaki yi da bilic ki yi da shi kaɗai ki ɗauraye, wani zagayen daban ki yi na tsami. Khal ɗin ma yace a daina yawan zuba shi dan a hankali yana cin roba. Sannan bilic baya shiri da siliki da ulu da duk kaya mai roba-roba mai miƙewa, atamfa kuwa ba sai an faɗa ba. Wani abin da yayata da ke Ajah ta daɗe tana kuka da shi, ruwan bohol ɗinsu mai ƙarfe ne yana barin ja a bokiti da tayil, fararen kayanta suna yin rawaya tana ƙara bilic suna ƙara rawaya. Injiniya yace ai kulorin in ya haɗu da ƙarfen da ke cikin ruwa tsatsa yake mayar da shi ta kama kaya, masu irin wannan ruwan a yankin Lekki da Ajah gara su sa filta a bakin tanki su koma bilic na gari mai oksijin, shi kuma da ruwan ɗumi yake aiki.

Akwai wani ɓangaren da ni ya fi damuna, maganar tsarki. Abin da muka karanta a islamiyya najasa da ruwa tsarkakakke ake gusar da ita, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa basu canza ba. To in ɗaurayar ƙarshe ma kumfa ce fal, ga ruwan ƙamshi an zuba a kai, hankalina baya kwanciya da kayan sallah. Ni abin da nake yi, duk kayan da fitsarin yaro ko jini ya taɓa sai an wanke wurin a bakin famfo ya fita kafin ya shiga inji, kuma kayan sallah ina ƙara musu ɗauraya ɗaya ta ruwa zalla. Rage omo ya sauƙaƙa min wannan sosai dan yanzu ruwan ƙarshe garau yake fita.

Inda muka saɓa da shi shi ne ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi. Yana sayar da shi a shago, har ya taho min da jarka ɗaya yana ta yabo wai in gwada. Nace Injiniya kai da hannunka yanzu ka kankare kaurinsa daga durowa. Ya yi dariya yace in an tsarma shi da ruwa ba a wuce layi ba babu matsala, wannan gaskiya ne, amma dai tallan ya yi yawa a wurin. Abin yana barin wani santsi a jikin zare, shi ne laushin da ake ji, kuma shi ne ke sa tawul da nafkin ɗin jarirai su rage shan ruwa. Ni ban saya ba. In ƙamshi nake so ga kabbasa ga turaren wuta, kaya su bushe in turara su, ya fi zama a jiki kuma ba ruwansa da injina.

Ya yi magana a kan lodi ma. Kilo 7 ɗin nan nauyin busassun kayan auduga ne, kuma ba wai a danna a tura da gwiwa a rufe ƙofa ba, ki bar wurin da tafin hannunki zai shiga a tsaye a saman kayan. Babbar darduma da bargo mai kauri in sun sha ruwa nauyinsu ninkuwa yake, su ne ke kashe boris, wato ƙarafan da gangar ke juyawa a kansu, in kin fara jin inji yana ƙara mai yawa wajen matsa to an kusa. Shadda mai tsada ta maigida dama ni bana sakawa, wankin hannu ne a kai wa mabuga, inji yana kashe mata maiƙo ya bar karaya a jiki. Hula sai masu wankin hula. Leshi da abaya mai duwatsu in dole ne a juya su bai-bai a sa a jakar raga, hijabi kuma a cire fil, a zazzage aljihun yara da na maza kafin komai. Jakar ragar suna da ita a shagon kuma mai kyau ce zif ɗinta baya buɗewa, ita kam na saya.

Sai maganar barin ƙofa a buɗe, wadda a ganina mu 'yan arewa mazauna Legas ita ta fi kama mu. A Kano ko Sakkwato da rani ko kin rufe inji iska a bushe take, nan kuwa laima ce shekara gaba ɗaya, watan Yuni da Yuli kaya ma sai su kwana biyu a igiya basu bushe ba. Ki gama wanki ki rufe inji da danshi a ciki a wannan garin daidai yake da kular abinci da aka rufe da sauran miya aka manta da ita. Yace ana gamawa a kwashe kaya kar su kwana a ciki, a goge ninkin roba da busasshen tsumma, a bar ƙofa da durowa a ɗan buɗe. Nace to yara fa da kyankyasai, yace ba sai an wangale ba ɗan sarari ya isa, in akwai mai rarrafe ko mai shiga ko'ina a rufe ɗakin ko a tare wurin, kuma a riƙa leƙawa ciki kafin a zuba kaya. Ɓera kuma ta ƙasa yake shiga ya ci waya, ya duba namu ya ga murfin ƙasan yana nan.

Kuɗi ba zan ce araha ba ne, amma bai kai na canza famfon da ya kusa ƙonewa ba, kuma da maigida ya yi ciniki ya rage. Garin wanke injin a cikin kuɗin yake. Yana karɓar tiransifa. Abin da ban so ba babu rasit babu wata takarda, garantin baki ne kawai wai in wani abu ya faru a kira shi, mutum mai shago tsayayye ya kamata ya fi haka. Yaronsa kuma ya bar min jiƙaƙƙun tsummoki da ruwa a bayan inji sai da na bi na goge, ya kamata a koya masa kammala aiki.

Masu inji mai baho biyu na roba, wanda ake ɗaga kaya daga wanki a mayar wajen matsa, su ma yana yi musu kuma kuɗin bai kai namu ba. Maƙwabciyata irin shi gare ta, ya cire faifan ƙasan nan mai juyawa ya kwashe dattin da ke ƙarƙashi ya wanke 'yar ragar tara zare, ya kuma ce mata ta daina wanke kaya kashi uku huɗu a ruwa ɗaya har ya koma baƙi.

Warin injina ya tafi, tawul ya daina tsami, ruwa yana fita ba gurnani. Amma ya gaya min tun kafin ya tafi cewa sabis ɗin gida iyakarsa kenan, baya kwance ganga a gidan mutane. In an yi duk wannan wari ya dawo bayan 'yan makonni to dattin da ke bayan gangar ya yi kauri sosai, sai an ɗauki injin an kai shago an raba shi biyu, kuɗin wannan daban ne da na mota, kuma wasu injinan gangarsu a manne take bata rabuwa. In ta kai ki ga haka ki sa maigida ko wani naki ya je ya tsaya a buɗe a gabansa, a nuna masa ƙarfen nan mai ƙafa uku na alminiyom da ke riƙe gangar ta baya, dan ragowar omo da danshi suna cinye shi a hankali, in ya riga ya zaizaye to a yi lissafi da kyau kafin a zuba kuɗin gyara a tsohon tokumbo. Kuma ku yi maganar kuɗin gaba ɗaya har da na ɗauka da dawowa tun kafin injin ya bar gida.